Wandon Maharbi

Abba, Sadiya, Ummi, wannan babin naku ne, ku karanta shi a zaune, don na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ko fasfo ba su da shi lokacin da abin ya faru. Ranar bikin ɗan abokin sana'ata Issaka a Stratford wani saurayi ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na ji daɗi, na ce a raina ashe da sauran tarbiyya a garin nan. Sai ya ɗago kai ya ce wai da gaske ne na taɓa ajiye gunki a gida har ina ɗinka masa kayan Sallah? Na tambaye shi wa ya faɗa masa, ya ce Ummi. Ke Ummi, ke da kike cikin tsumma a lokacin, ko wuyanki bai tsaya ba, yau ke ce mai ba da shaida. To ga yadda aka yi, daga bakin wanda ya goya abin a bayansa. Goyo na gaske nake nufi, har yau ƙugun nan nawa shi ke fara sanar da ni in za a yi ruwa.

Shekarar da aka haifi Ummi muna flat ɗin council, gidajen hayar hukuma, a Stratford, can sama, kuma lift ɗin gidan sai ranar da ya ga dama yake aiki. Sana'ata van ce, ni da Issaka mutumin Kumasi muna kwashe wa mutane kaya in za su tashi daga gida. Ƙofar da ke kallon tamu ta Mista Alfred ce. Abba zai tuna shi, tsohon Bature siriri kamar sandar rake da aka tsotse, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a wani gidan wasan kwaikwayo a Aldwych yana jan labule. Matarsa Magi ta rasu kafin mu tare, ba su haihu ba. Mutumin nan ba maƙwabcin gaisuwa kawai ba ne. Ranar da naƙudar Abba ta kama uwarku ina can bayan gari da firjin wani a ka, shi ya kai ta asibiti, ya zauna a benci har na iso. Makullin gidansa na biyu a hannuna yake. Duk Lahadi ni da shi muke shan shayi, ya ba ni labarin 'yan wasa, in ba shi labarin Kano, kowa na yi wa ɗan'uwansa ƙarin gishiri kuma kowa ya sani. Tuwo ma yana ci, da wuƙa da cokali mai yatsu, yana yanka shi kamar mai yi wa mutum tiyata.

Tiyatar ce ma ta jawo komai. Ana tsakiyar jegon Ummi, suna na matsowa, ya ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce an kira shi asibiti za a canza masa ƙashin ƙugu, daga nan kuma za a ajiye shi wani gida har ya koyi tafiya. Ya ce yana da ɗan ƙanwa guda, mai zuwa gaisuwa da baki amma idonsa na zagaya ɗaki yana yi wa kaya kuɗi, kuma shi ma yana da makulli. Komai na gidan in ya ga dama ya kwashe, amma abu ɗaya yake so in ɓoye masa. Ya ja ni falo ya nuna min.

Mutum-mutumi ne na tagulla, tsohon gaske, gadon Magi daga wajen ubanta. Tsayinsa bai wuce na yaro mai koyon tafiya ba, amma nauyinsa, wallahi kamar an narka motar tifa an zuba a ciki. Wani ƙato ne ya dasa gwiwa ɗaya a kan dutse, ya miƙe ɗaya ƙafar ya tokare wani dutsen, ya ja baka har jijiyoyin wuyansa sun fito. Ba kibiya, ba tsirkiya, amma in ka tsaya gabansa sai ka ji kana so ka matsa gefe. Jikinsa duk ya yi baƙi-baƙi da kore-kore kamar tukunyar da ta shekara a rijiya. Alfred ya ce gwarzo ne na tatsuniyar Girkawa, wai wasu mugayen tsuntsaye masu cin mutane yake harbi. Ya faɗa min sunansa, na gwada sau biyu harshena ya ƙi, na ce a gidanmu sunansa Maharbi. Sai kuma babbar magana: gwarzon nan ko zare babu a jikinsa. Yadda uwarsa ta haife shi haka ya tafi farauta.

Alfred ya ɗora babban yatsansa a kan gwiwar Maharbi ya ɗan shafa, kamar mai lallashin yaro, sannan ya dube ni.

"Garba, abu ɗaya nake roƙonka. Kada a wanke shi, kada a goge shi. Ko ƙura kuka gani ku bar ta."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya kawo amanarsa inda ya dace, ni da ko van ɗina ban taɓa wankewa ba tun da na saye shi. Ya yi dariya. Ni ma na yi. Da na san abin da ke jirana a bayan ƙofata da na adana dariyar nan don ranar buƙata.

Abin da ke bayan ƙofar kuwa kakarku ce, Hajiya Babba, wadda ta zo daga Kano don wankan jego. Ku da aka haifa a nan ba ku san surukuta ba, kuna kiran uwar matarku a waya kuna ce mata "hi". A Kano in na je gaishe ta daga zaure nake tsugunawa, in gaisa da labule, in gudu. To ku ɗauko wannan kunyar ku cusa ta a flat mai ɗaki biyu da banɗaki ɗaya. In muka haɗu a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki sai in manna fuskata a bango kamar wanda 'yan sanda ke caje. Ba ta taɓa kama sunana ba, "mai gidan nan" take cewa. Ba ta yi min magana kai tsaye, ni ma ba na yi mata. Duk maganarmu ta bakin uwarku Rabi take bi, ko da kuwa gwiwata na gogar tata a kan kujera. Rabi na kwance da ɗanyen jego ta zama gidan waya.

Na naɗe Maharbi a bargo na goyo shi na shigo a hankali, niyyata in wuce da shi bayan kujera ba wanda ya gani. Daidai tsakiyar falo bakan ya maƙale a hannun ƙofa, bargon ya zame ya faɗi. Hajiya na kan sallaya da carbi. Ta dubi Maharbi daga sama har ƙasa, ta daɗe a ƙasan, sannan ta kau da kai.

"Rabi, tambayi mai gidan nan, wane ne wannan ya shigo mana ba sallama ba wando?"

Na ce Rabi ta gaya wa Hajiya amana ce, ta maƙwabcin da ya kai ta asibiti ranar haihuwar Abba. Hajiya ta ce a gaya min ta san amana tun kafin a yi min kaciya, amma ba ta taɓa jin an ba Musulmi ajiyar gunki ba, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da irin wannan yake, ga jaririya ko suna ba a raɗa mata ba. Na ce a gaya mata ba bauta masa ake yi ba, ado ne. Ta ce a tambaye ni adon me, mutumin da ko bante ya gagare shi. Sannan ta lura bakan ya saiti gadon Ummi. Na ce ai ba kibiya a ciki. Ta ce wadda ba a gani ai ita ta fi tsoro. Na juya shi ya kalli kicin, ta ce yanzu abincinmu yake harbi. Na juya shi gabas, ta yi salati ta ce alƙibla. Ku gaya min, a flat mai kusurwa huɗu ina zan juya mutum?

Na fitar da shi baranda, aka fara yayyafi, na tuna kashedin Alfred na ce kar ruwan sama ya yi min wankin da aka hana. Na sauke shi ƙasa a bayana, ranar lift na hutu, na kulle shi a van. Washegari muna da aiki wajen wani Alhaji mai gida kusa da Regent's Park, irin waɗanda ke zuwa Landan duba hawan jini su koma. Ya sauko da kansa ya ga motar da za ta ɗauki kujerunsa, Issaka ya wangale ƙofar baya, sai ga ƙato tsirara ya auna Alhaji da baka. Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya koma ciki, ba a jima ba direbansa ya fito ya ce an yi cancel. Kafin Juma'a labari ya riga ni isa masallaci. Issaka kuwa dariya har da riƙe ciki, yana cewa da Hausarsu ta zango, "Garba, tsohuwan nan ya fi ka gaskiya, mutumin nan zai kashe mana kasuwa."

Bayan an idar da Juma'a na tare wani malami da muka saba na zayyana masa. Ya saurara yana danne murmushi, ya ce amana dai dole a tsare ta har a mayar wa mai ita, a rufe abin, a nisanta shi da inda ake salla, kuma in gaba in riƙa tambaya kafin in ce to. Na kawo wa Hajiya fatawa ta bakin Rabi ina jin na ci nasara. Hajiya ta kama kalma ɗaya tak a ciki, a rufe. Ta ce bargo zamewa yake, ta gani da idonta. Ta sa aka ciro ragowar shuɗiyar shaddar da aka ɗinka min ta suna, ta zauna da allura tana ɗinki fuskarta a bango, Rabi na gwada mata da igiya tana faɗa mata awo. Da yake ƙafafun Maharbi a manne suke da dutse, ba ta inda za a zura masa wando, sai ta yi shi buɗaɗɗe ta gefe da maɗaurai, ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera, har da tazuge. Rabi ta ɗaura masa. Hajiya ta juyo ta dube shi ta ce yanzu ya zama mutum, a kai shi lungun takalma. Abba kuma ya cire hularsa ya kafa masa. Kun ji wanda ya ɗinka kayan Sallah. Ni ko zare ban tsinka ba.

A wajen nan ina so ku buɗe kunne, don nan ne ake yi min ƙarya. Na faɗa. Na tsaya a tsakiyar falo, na dubi fanka, na ce Rabi ta gaya wa Hajiya mai abin nan ya ce kada a wanke, kada a goge, ko ƙura a bar ta. Rabi ta maimaita kalma bayan kalma, ina ji. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce Allah sarki, tsoho ba mace a gida. Ni na ɗauka tausayi ne. Ashe hukunci ta yanke.

Jajibirin suna ni da Issaka muka fita bayan gari wata gona neman rago. Gida kuwa ya cika da matan 'yan'uwa ana shiri. Hajiya ta zo daga Kano da tasoshinta na tagulla da manyan farantai, waɗanda kuɗin awonsu a jirgi ya isa a sayi wasu sababbi, kuma ba za a zuba wa baƙi abinci a cikinsu ba sai an dirje su da jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Tokar ma daga gawayin gashin namana aka kwasa. Aka dirje tasoshi, aka dirje farantai, aka dirje hannun ƙofa. Tsamiya ta rage. Hajiya ta waiga ta hango Maharbi a lungun takalma, kore shar, gobe kuma baƙi za su cika gida.

Na dawo da yamma da nama a kafaɗa, na buɗe ƙofa, wani haske ya mare ni a ido. Na ɗauka an sayo sabuwar fitila. Maharbi ne a tsakiyar falo a kan jarida, yana walƙiya kamar haƙorin Makka. Kai, wuya, ƙirji, damatsa, bakan nan tun daga wannan ƙarshe har wancan, ja-jawur, ko ɗigon kore babu. Har cikin kunnensa an bi da tsinke. Naman ya sulale daga kafaɗata. A ranar na karya surukuta, karo na farko kuma na ƙarshe, na dubi Hajiya ido cikin ido na ce, "Hajiya, me ya yi miki?"

Ba ta dube ni ba. Rabi ta duba.

"Gaya wa mai gidan nan, ni tunda nake ban taɓa karɓar kwanon mutum na mayar masa da datti ba. Tsohon kunya ce ta sa ya ce kar a wanke, kamar baƙon da ke cewa ya ƙoshi. Daga tazuge zuwa ƙasa kuwa ban taɓa ba, wannan ba hurumina ba ne."

Na kwance maɗauri ɗaya na leƙa. Gaskiya ta faɗa. Sama zinare, ƙasa gansakuka, an raba shi daidai ƙugu kamar da ruler. Matan nan kuwa sai yaba aiki suke, wata har tana tambaya ko akwai sauran tsamiyar ta kai gida. Aka yi suna, aka raɗa wa Ummi sunan Hajiya, saboda haka ko fushi ban isa in yi a fili ba. Hoton nan da kuke yawo da shi a waya, wanda nake riƙe da jaririya fuskata kamar an aiko min da sammaci, ga wani abu na ƙyalli da hula a bayana, ranar aka ɗauke shi.

Bayan suna na shiga neman yadda kore zai dawo. Na shafa masa ruwan gishiri, ya ƙara kyau. Na kai shi banɗaki ya sha tururin wankan jego, ya fito kamar ango. Daga ƙarshe na ɗora shi a van na kai wani kantin tsofaffin kaya a wajen Aldwych, na ajiye van inda bas ke ta yi min hon. Mai kantin ya yaye bargo, ya cire tabarau, ya nemi kujera ya zauna. Ya tambaya cikin sanyin murya wa ya yi wannan. Na ce surukata. Ya ce da me. Na ce da abin kunu. Ya yi min bayani cewa koren nan da muke kira datti shi ne shekarun abin, iska da hannun mutane ne suka saka shi a hankali tun kafin a haifi kakana, kuma shi masu saye ke nema. Ya ce akwai masu shafa wani magani ya yi kama, amma duk wanda ya zauna da abin a ɗaki ɗaya zai gane daga bakin ƙofa. Bai tambayi wandon ba. Ina jin ƙarfinsa ya ƙare kafin ya iso nan.

A hanya Issaka ya kawo shawara. Ya ce abin da ya fi muni shi ne kala biyun nan, kamar motar da aka yi wa fenti rabi kuɗi ya ƙare. A ƙarasa aikin kawai, a dirje ƙasan ma ya zama ɗaya, in tsoho ya dawo a ce masa an yi masa service kyauta. Maganar ta shige ni, don ni ma ina ganin mutum ya fi saurin yafe abu mai kyau a kan abu mai ban dariya. Muka tsaya a shagon 'yan Afirka a Stratford na sayi tsamiya, muka faka a bayan gida, na shiga bayan van na kwance wa Maharbi wando, na jiƙa soso. Zan fara daga gwiwa, sai na ga wani ɗan wuri a kanta, bai fi faɗin babban yatsa ba, yana sheƙi a tsakiyar koren. Na fara cewa Hajiya ta yi ƙarya, ta leƙa ƙasa. Da na duba da kyau sai na ga ba irin ƙyallin tsamiya ba ne. Wannan sumul yake, launin zuma, har ya ɗan lotsa, irin yadda bakin turmi ke yi in ya daɗe a hannu. Sai na tuna inda Alfred ya ɗora yatsa ranar da ya ba ni. Ban san mene ne ba. Na dai san ba ni na saka shi ba, kuma in soson nan ya bi ta kai ba mai sake gane wurin. Na ce da Issaka an fasa. Ya ce to in shirya shan kunya kala biyu. Na mayar da wandon na ɗaure, tsamiyar kuma Rabi ta dama mana kunu da ita.

Da aka sallamo Alfred, yana tafiya da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, na so in kai masa kayansa ni kaɗai in sha abin da zan sha. Hajiya ta ce sam, ita ta yi wahala, da ita za a je a karɓi godiya. Ta saka mayafinta na unguwa, ta sa Rabi ta riƙo kwanon tuwo da jaririya, muka tsallaka mu duka kamar masu kai lefe. Na ajiye Maharbi a kan teburinsa na yaye bargo. Alfred ya duba. Ya daɗe yana dubawa, har na ji agogon bangonsa na tafiya. Hajiya na murmushi tana jira. Da ya buɗe baki bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga.

"Abu ɗaya na roƙe ka, Garba."

Duk surutun nan nawa da kuka sani, wanda ya fitar da ni daga hannun masu ba da tikitin faka mota ba sau ɗaya ba, ranar ko kalma bai ba ni aro ba. Sai Alfred ya ce a cire wannan tsumman. Rabi ta fassara, Hajiya ta yi a'uziyya ta juya ta fuskanci bango. Na kwance maɗaurai. Alfred ya matso da ƙarfensa, bai kalli ƙirjin ba, bai kalli bakan ba, gwiwar ya nufa kai tsaye. Yatsansa ya faɗa cikin ɗan lotsin nan daidai. Ya sauke wani dogon numfashi ya zauna. Ya ce tun aurensu Maharbi a bakin ƙofar kicin yake, kuma kullum da safe in Magi za ta wuce ɗora shayi sai ta shafi gwiwar nan ta ce masa yau ma bai harbo musu komai ba. Yatsanta ne ya cinye wurin. Ya ce a gadon asibiti ba abin da yake tunani sai ko wurin nan na nan.

Rabi ta fassara a hankali. Hajiya ba ta juyo ba, amma na ga carbinta ya tsaya. Can ta ce a gaya masa Allah ya ba shi haƙuri, ita ma butar marigayi mijinta Malam tana nan a ɗakinta a Kano yadda ya bar ta, ko jikokinta ba ta bari su taɓa. Alfred ya gyaɗa kai. Na ce a raina yau dai Hajiya za ta ce ta yi kuskure, in ji da kunnena in mutu da daɗi. Sai ta gyara mayafi.

"Rabi, gaya wa mai gidan nan ya gani. Da ban sa masa wando ba da yanzu an yi ɓarna."

Ni da na tsaya da jiƙaƙƙen soso a hannu na fasa, ba wanda ya sani, kuma ba halin in faɗa, don sai in fara bayanin abin da ya kai ni sayen tsamiya. Na haɗiye. Alfred ya tambayi me ta ce, Rabi ta gaya masa, ya yi dariya har ƙugun nasa sabo ya amsa. Ya ce a mayar wa Maharbi wandonsa, Hajiya ta fi shi gaskiya, garin akwai sanyi.

Kada ku ɗauka a nan aka tashi lafiya. Hajiya ya yafe wa, har ta koma Kano kullum sai ta aika masa da kunu, shi kuma ya aiko mata da biskit. Ni ne na biya. Makullinsa ya karɓa daga hannuna cikin ladabi ya ba Rabi, kuma a hannunta ya zauna har ƙarshe. Shayin Lahadi ya tsaya, sai da sanyi ya wuce ya dawo sannan ya sake ƙwanƙwasa min, kuma ko a lokacin in na ce masa ya bar min wani abu a hannuna sai ya dubi Maharbi ya dube ni. Ɗan ƙanwar nan ya zo ya ga gwarzo kala biyu da wandon shadda, ya tambayi wani masani, daga ranar bai sake kallon wajen ba, wanda Hajiya da ta ji ta ƙara a cikin ayyukanta na alheri. A masallaci kuwa sunana ya tashi daga Garba Mai Van ya koma Garba Mai Gunki. Na je Hajji na dawo na ce ko za a canza, aka canza, aka koma Alhaji Mai Gunki.

Alfred ya rasu Ummi na firamare. Bayan an binne shi ɗan ƙanwar ya kwashe gidan, Maharbi ya tafi inda ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Amma kafin ya mayar wa council da makulli ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya miƙo wata 'yar leda, ya ce kawunsa ya ja masa kunne cewa wannan na maƙwabta ne, aro aka ba shi, kuma mutanen nan ba a mayar musu da abu da datti. Rabi ta buɗe. Wandon ne, an wanke, an goge, an ninke shi tsaf. Uwarku da ba ta yi kuka a maƙabarta ba, a nan ta zauna a bakin ƙofa ta yi. Ta ajiye shi a ƙasan akwatinta tare da kayan jariranku.

Saboda haka, Ummi, shuɗin wandon nan mai maɗaurai a gefe da kika tono a akwatin uwarki, kika saka wa ɗanki ranar ƙaramar Sallah, kika watsa hoton kina cewa na kawunsa Abba ne yana jariri, har kina tambayar mutane ko me ya sa telolin wancan zamanin suke yin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ba na Abba ba ne. Ƙafafun Abba daidai suke. Ki wanke shi, ki goge, ki dawo da shi inda kika ɗauka.